Daga Gindin Dala zuwa Kular Zoɓo: Tarihin Abin Sha a Hannun Matan Birni

 Muna yi wa juna barka da zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka faro tare suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa na raye lafiya da albarkar nema.

Da aka ce a kawo wani abu na tarihi a mujallar bana, sai muka duba sana'o'in da ke cikinmu. Akwai masu ɗinki, akwai masu saƙa, akwai masu kayan miya da masu atamfa. Amma in aka ce a nuna gidan da ba a taɓa sayar da kunu ko koko ko fura ko zoɓo ba, za a sha yawo a lungunan birni kafin a samu. Da ribar kunu aka yi zubin adashe na farko a gidaje da yawa, da ita aka sayi kwanon jere, da ita aka biya kuɗin laraba a makarantar allo. Duk da haka ba mu cika ɗaukarta sana'a mai tarihi ba, kamar yadda ake ɗaukar rini a Ƙofar Mata ko dukanci a Kasuwar Kurmi. To tana da tarihi, kuma mai tsawo, kuma yara na cikinsa tun daga farko. Shi muke so mu ɗan tona, don mu san abin da za mu miƙa wa na baya.

Tun zamanin Dala

Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda wani Bature mai suna Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya fara ne da labarin mutanen da ke zaune a kewayen Dutsen Dala kafin zuwan Bagauda. Shugabansu Barbushe, abin bautarsu Tsumburbura. A cikin manyan mutanen wancan zamani da littafin ya lissafa akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai mai tsaron gari da dare, sannan akwai wani mai suna Bugazau wanda aikinsa dafa giya. Kada wata ta ce subhanallahi ta rufe takarda, tarihi ne, kuma haka yake. Mutanen nan ba su san Musulunci ba tukuna. Dawa suke nomawa, da ita suke tuwo, da ita kuma suke yin abin sha na bukukuwansu da na bautarsu. Sanya mai dafa giya a jerin manyan gari ya nuna cewa tun a lokacin sarrafa hatsi ya zama abin sha ilimi ne da ba kowa ke da shi ba.

A zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga ƙasar Mali da addinin Musulunci, sarki ya karɓa, aka fara salla a fada. Daga nan giya ta fara ja da baya a cikin ganuwa. Ba a rana ɗaya ta fita ba, an ɗauki ɗaruruwan shekaru ana wa'azi ana jan hankali. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804, Sarki Alwali ya bar birni, Malam Sulaimanu ya zama sarki a ƙarƙashin tutar Sakkwato, sai shari'a ta zauna sosai. Waɗanda suka riƙe addinin gargajiya, wato Maguzawa, suka ci gaba da zama a ƙauyukansu suna biyan jiziya. A can dafa giya ta rage, kuma matansu ne ke yi, suna sayarwa ranar kasuwa ko a kai gona ranar gayya.

Abin lura a nan shi ne, giya ce ta fita daga birni. Sanin hatsi bai fita ba. Matan birni sun ci gaba da jiƙo da tsiro da niƙa da taci, suka juya wannan sani zuwa abin da addini ya halatta.

Kasuwa a waje, mata a gida

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ake dangantawa da kafa Kasuwar Kurmi da gina gidan sarauta da har yau ake kira Gidan Rumfa. A zamaninsa Shehu Magili ya zo Kano ya rubuta masa nasiha kan yadda ake mulki a Musulunci. Littafin tarihin nan ya kuma ce Rumfa ne ya fara al'adar kulle. Ku duba yadda abubuwa biyun nan suka haɗu a hannun mutum ɗaya: ga babbar kasuwa da fatake ke zuwa daga Borno da Agadas da Gwanja, ga kuma matan aure a cikin gida. Da farko kulle na matan fada ne da na manya, sannu a hankali ya bazu cikin gari.

Baƙo in ya sauke kaya, abin da yake fara nema shi ne abin da zai jiƙa maƙoshi. Bajamushen nan Barth, wanda ya shigo Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim, ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000, kuma a lokacin rani fatake kan ƙara yawan jama'a ƙwarai. Duk wannan taro sai an shayar da shi. Wa ke daka furar? Wa ke dama kunun? Matan cikin gida. To wa zai fitar da shi? Yara. Nan ne asalin talla kamar yadda muka taso muka gan ta. Uwa ce ke da jari da gwaninta, yarinya ce ƙafarta da bakinta da kunnenta. Ita za ta sayo gero, ita za ta kai wa mai rumfa ƙwaryarsa, ita za ta dawo da kuɗi da labarin abin da ake ciki a gari.

Fura ma ta ƙulla zumunci tsakanin birni da ruga. Matar birni ta surfa gero, ta wanke, ta daka da citta da kanumfari da barkono, ta cura, ta dafa, ta kirɓa a turmi, ta sake curawa ta barbaɗe da gari. Bafulatana ta shigo da nono ta ƙofar gari da sassafe. Sai an haɗa hannun biyu ake samun fura da nono, kuma har gobe haka abin yake.

Tsiro ɗaya, hanya biyu

Duk wadda ta iya kunun zaƙi na asali ta san sirrinsa. A jiƙa gero ko dawa ta kwana, a markaɗa da kayan ƙamshi da busasshen dankali. A raba ƙullun gida biyu, a dama kaso mai yawa da tafasasshen ruwa ya yi kauri. In ya ɗan huce sai a zuba ɗanyen kason tare da garin tsiro, a juya, a rufe ya kwana. Da safe za a ga kunun da ya kwanta da kauri ya saki ya yi ruwa, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Tsiro ne ya yi wannan aiki. Hatsi in ya fara fitar da tsiro yana samar da wani abu da ke narkar da gari ya mayar da shi zaƙi. Kakanninmu ba su shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, amma sun san kwana nawa tsiro ke so a inuwa, sun san in an zuba shi a kunu mai zafi ƙwarai ƙarfinsa mutuwa yake, in kuma ya yi sanyi da yawa ba ya aiki.

Mai dafa burkutu ma da tsiron dawa take farawa. Inda hanya ta rabu shi ne abin da ake yi da zaƙin. Ita takan bar shi kwanaki, ta zuba masa tsohon haɗi da gangan, har zaƙin ya juye ya zama abin maye. Mai kunu kuwa tace nata take da safe, a sha a ranar, a wanke tukunya. Shi ya sa tsofaffinmu suke faɗa in sun ga kunun zaƙi ya wuce lokacinsa yana kumfa yana tsami mai hawa kai, su ce a zubar. Mun ji a makarantar Islamiyya cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, dabino ko zabibi a ruwa ya sha, amma ba a barin jiƙon ya wuce kwana uku. Kun ga ashe wannan taka-tsantsan da aka koya mana a bakin murhu yana da tushe. Mace mai kunu tana riƙe da amana: sanin iyakar da ke tsakanin abin da ya halatta da wanda ya haramta, kuma da hanci da harshe da lissafin awanni take gane ta.

Zuwan Turawa da kwalba

A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a birnin Brussels na ƙasar Beljiyam, wadda ta taƙaita shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba a saba da ita ba. Da Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sai suka riƙe Arewa a matsayin yankin da aka hana sayar wa 'yan ƙasa barasar waje. Amma da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu da ƙasashen maƙwabta suka yi ta zuwa, aka yanka musu Sabon Gari a wajen ganuwa, wanda ba ya ƙarƙashin alƙalan birni. Tun daga nan aka samu Kano biyu a sha'anin abin sha: a cikin badala kunu da fura, a wajenta kuma gidajen giya da mashaya.

Sai zamanin kamfanoni. Kamfanin Nigerian Breweries ya fitar da kwalbar Star ta farko a Legas a 1949, ya buɗe reshe a Kaduna a 1963. Coca-Cola ta fara fita a Najeriya a 1953. Ita giyar kwalba ba ta taɓa kasuwarmu ba, don masu shan kununmu ba su ne masu shanta ba. Lemon kwalba ne ya shigo mana har tsakar gida. A da in baƙo ya zo, fura ake dama masa. Aka wayi gari in ba a aiki yaro shago ya sayo lemo ba, sai a ga kamar ba a karrama shi ba. A 1976 kamfanin nan na Star ya fito da Maltina, abin sha na tsiro marar maye, ta zama ta biki da suna da dubiyar asibiti. In aka duba da kyau, 'yar uwar kunun zaƙi ce da aka sa wa kwalba da tambari.

Wani abin da ya kamata mu sani shi ne na 1988. A farkon shekarar gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, wanda da shi kamfanoni ke aiki. Dole suka koma kan dawar manomanmu, suka sa masanansu binciken yadda ake tsirar da ita da dafa ta. Abin da mata suka daɗe suna yi da tabarma da ƙwarya, shi aka koma ana nema da injuna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa abin da ke hannunmu ba ƙaramin sani ba ne.

A watan Yuni na 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Kano zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, a 2003 kuma aka yi dokar Hukumar Hisbah zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Da yawa daga cikinmu mun tuna lokacin da aka farfasa kwalaben giya 240,000 a watan Nuwamba na 2013. Mu dai a cikin birni wannan bai canja mana tukunya ba, domin tun kafin doka haka muke.

Kowane lokaci da abin shansa

A ƙasashen Turai da Amurka yanzu ana yayin ƙananan masu dafa giya na unguwa, waɗanda kan fito da sabon haɗi kowane yanayi, mutane su yi ta jiran ranar fitowarsa. Abin da suke sha ba namu ba ne, amma wannan ɗabi'a ta jiran sabo ai mun riga su. Da kaka in sabon gero ya shigo, ƙamshin furarsa daban yake, mai saye ma ya san ta. Da hunturu kasuwar koko da ƙosai ce da kunun gyaɗa mai zafi. Da bazara, lokacin da rana ke dukan ƙeya, sai zoɓo da lamurje da kunun aya mai sanyi. In azumi ya kama, kunun tsamiya ne sarkin buɗa-baki, har a yi ta aika wa maƙwabta da masallaci. Mai jego kuma kunun kanwa ne abincinta na kwana arba'in.

Kuma sana'ar ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Iyayenmu da mazarƙwaila da zuma suke zaƙi, a randa suke sanyayawa. Mu muka zo zamanin injin markaɗe da ƙanƙara da kula da gorar roba. 'Ya'yanmu sun zo da zoɓo mai abarba da kankana, kunun aya mai dabino da kwakwa, fura da yogot a roba mai murfi, ana tallata su a waya a kai wa mutum har ofis.

Duniya ma ta san darajar kayan nan. Zoɓon da ake nomawa a Kano da Jigawa da Katsina, ana tara shi buhu-buhu a kasuwanni irin su Dawanau da Maigatari a fitar da shi ƙasashen waje, kuma Meksiko na cikin manyan masu saye, can ma jiƙa shi suke su sha da sanyi. A Masar da Sudan karkade suke ce masa, a Senegal bisaf. A yankin Balansiya na ƙasar Sifaniya kuwa, abin shan da suke alfahari da shi na aya ne, wato dai kunun aya.

Yara: daga faranti zuwa allo

Mu koma kan yara. Tsakanin 1976 da 1978 wata Ba'amurkiya mai bincike, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano tana nazarin rayuwar yara a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal. Abin da ta gano mun san shi a jikinmu: matar da ke kulle ba ta iya sana'a sai da yaro, kuma abin da yarinya ta samo a talla yawanci kayan ɗakinta ake tarawa da shi. Lokacin ya zo daidai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976, sai ta ga yadda makaranta da talla ke jan yaro ɗaya, kowanne ta ɓangarensa. Uwa in ta saki 'yarta ta tafi aji, jarinta ya kwanta. In ta riƙe ta, karatu ya wuce.

Da yawa daga cikinmu a wannan tsaka mai wuya aka raine mu, kuma faranti ne ya yi nasara. Shi ya sa sai da girmanmu muka zauna a ajin yaƙi da jahilci, albarkacin Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980, muna koyon baƙi da wasali da jikoki a cinya. Ba za mu zagi iyayenmu ba. Sun yi abin da zamaninsu ya ba su, kuma tallar lokacin ba irin ta yau ba ce. Yarinya ba ta wuce unguwa biyu ko uku, kowane mai rumfa ya san 'yar gidan wane ce, in ta yi ba daidai ba kafin ta isa gida labari ya riga ta. Yau kuwa ga titi, ga tasha, ga gareji, ga mutanen da ba su san kowa ba kuma ba sa jin kunyar kowa. Duk mun ji labaran da ba sa faɗuwa. Babu ribar zoɓon da ta kai mutuncin 'ya.

To amma akwai wani abu da ake asara ba a lura ba. Yarinyar da ta yi talla a da, ba yawo kaɗai ta koya ba. Ita ke tsince gero, ita ke yayyafa wa tsiro ruwa, tana tsaye ake taci, tana ji ana cewa wannan ya yi, wannan bai yi ba. Kafin a kai ta ɗakinta ta iya sana'ar daga jiƙo har lissafin riba. Yanzu mun kasu biyu. Wasu yaran suna kan titi da kula tun safe, ba karatu, kuma ba su san yadda aka yi abin da suke sayarwa ba, don an gama shi suna barci. Wasu kuma suna makaranta, alhamdulillahi, amma mun nisanta su da madafi gaba ɗaya, har 'yar sakandare ba ta san tsiro ba in ta gan shi a faifai. Duka biyun ba su gaji komai ba.

Kada ta fita daga hannunmu

Akwai darasi a tarihin Ingila. Wajen shekara ta 1300, yawancin masu dafa abin shan sha'ir a ƙauyuka da biranensu mata ne, a gida suke yi su sayar wa maƙwabta, kamar dai mu da kunu. Daga baya aka shigo da dabarar zuba furen wata shuka mai ɗaci da ke hana shi saurin lalacewa. Da ya zama ana iya ajiyewa a kai nesa, sai sana'ar ta nemi manyan tukwane da babban jari da lasisi. Kafin 1600 maza masu kuɗi sun karɓe ta, matan suka koma 'yan aiki ko suka bari. Ba sai mun je Ingila ba ma. Ina mazari da abawa? Kakanninmu da kaɗi suka riƙe masaƙa da marinan Kano, zaren kamfani ya zo ya share sana'ar a ƙarni ɗaya. Man gyaɗa ma kusan haka ya tafi. Zoɓo da kunun aya yanzu sun kama wannan hanya: wanda ke da firij da janareta ko sola da lambar hukumar NAFDAC shi ke shiga manyan kantuna. Mace ɗaya ba za ta iya ba. Mata da yawa in sun haɗa kai za su iya, kuma don irin haka aka kafa ƙungiya.

Sai batun amana. Ba mu manta da watan Maris na 2021 ba, lokacin da aka kwantar da ɗaruruwan mutane a asibitocin Kano, wasu suka rasu, bayan sun sha abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin lemo da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami. Allah Ya jiƙansu. A makonnin nan kowace mai zoɓo ta ji a jikinta, har wadda ba ta taɓa sa gari a tukunyarta ba. Tsamiya da lemon tsami da citta ba su taɓa kai kowa asibiti haka ba. Gajeriyar hanya ce ta kai. Yarinyar da aka koya wa asalin haɗi, ta kuma iya karanta kwanan watan da ke jikin leda, ita ce rigakafin irin wannan.

Don haka ga shawarar da muke kawowa gaban taron bana. Waɗancan ƙananan masu dafawa na Turai suna buɗe ƙofa a ranakun hutu, iyaye su zo har da yaransu a zagaya da su, a nuna musu hatsi da tsiro da tukwane, don yaro ya san abin da garinsu ke yi. Mu da abin da muke dafawa halal ne, yaro zai iya ɗanɗanawa ya ƙoshi, mun fi cancanta mu yi haka. A kowane dogon hutu a ware 'yan kwanaki. A zaɓi gidajen gwanayenmu, ɗaya ta kunun zaƙi, ɗaya ta fura, ɗaya ta zoɓo da lamurje. A raba yara ƙanana-ƙananan rukuni, mata da mazan da ba su balaga ba, da izinin masu gida, kowane rukuni da babbar da za ta raka shi. A nisanta ƙanana da murhu da tafasasshen ruwa. Su ga jiƙo, su taɓa tsiro, su wanke gora da hannunsu, su ga irin ruwan da ake amfani da shi. Manyan cikinsu su riƙe biro su rubuta mudu nawa, sukari nawa, itace nawa, gora nawa ta fita, riba nawa. Tsofaffinmu kuma a zaunar da su su faɗi yadda ake yi a da, a rubuta a littafin ƙungiya tun suna raye. In an gama a hau da yaran Dutsen Dala su hango birnin, a nuna musu Kurmi, a ba su labarin daga inda ya faro.

Batun fitar da kaya kuma, mu nemi hanyar da ba ta bi ta kan karatun yara ba: shago ɗaya na ƙungiya a bakin titi, firij na haɗin gwiwa, babban mutum da za a biya ya kai wa masu shaguna da makarantu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In yaranmu suka taso da allo a hannu ɗaya da sanin tukunya a ɗayan, ranar da sana'ar nan za ta zama ta kamfani, su ne za su zama masu kamfanin.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya tsare mana zuri'a, Ya maimaita mana na baɗi da rai da lafiya.